Garin Neman Gira: Zaɓen Manhajar Harhaɗa Faifai da Taka-Tsantsan wajen Yi wa Kwamfuta Faci

Tsakure

Kusan duk abin da mai nazarin Hausa yake tarawa a yau, tun daga hirarrakin da ya naɗo a fagen bincike har zuwa hotunan rubuce-rubucen ajami da babukan kundinsa, a cikin faifan kwamfuta guda yake zaune. Wannan maƙala ta yi bayanin wasu ayyukan gyara guda biyu da ake yawan yi wa kwamfuta ba tare da dogon tunani ba, wato harhaɗa fayilolin da suka warwatsu a faifai da kuma ɗora facin da ake yi wa babbar manhaja. An bayyana yadda warwatsuwar take faruwa, da irin faifan da ke bukatar harhaɗawa, da ma'aunan gane manhaja abar dogaro. An kuma kawo misalan asarar da jinkirin faci ya jawo da wadda gaggawarsa ta jawo. Maƙalar ta tsaya a kan cewa duk gyaran da zai taɓa faifai taɓa amanar da ke cikinsa ne, don haka kwafin ajiya da sanin hanyar komawa baya su ne sharaɗin fara shi.

1.0 Gabatarwa

A lokacin da mai wannan maƙala yake rubuta kundin digirinsa na biyu, kwamfutarsa ta yi nauyi har buɗe fayil ɗin murya guda yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Ya kai ta wani shagon gyara, aka ɗora mata manhajar da aka ce tana saita faifai, aka bar ta tana aiki. Kafin la'asar faifan ya daina amsawa baki ɗaya. Daga baya aka gane cewa faifan dama ya soma lalacewa, dogon aikin da aka ɗora masa ne ya ƙarasa shi. Babukan kundin sun tsira domin akwai kwafinsu a imel. Hirarraki biyu da aka yi da wata dattijuwa mai waƙoƙin daɓe ba su tsira ba, kuma kafin a sake komawa garin Allah ya yi mata rasuwa. Ana iya sake buga babi, amma ba a sake naɗar muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ne dalilin kawo batun da ake ganin na masu gyaran kwamfuta ne gaban manazarta harshe da adabi da al'ada. Bayanin zai fi karkata ga babbar manhajar Windows, domin ita ce aka fi amfani da ita a sassan jami'o'inmu. A cikin maƙalar, "harhaɗa faifai" na nufin tattara gutsattsarin kowane fayil wuri guda. "Faci" kuwa, kamar yadda ake yi wa taya, na nufin ƙaramin gyaran da kamfani yake fitarwa domin toshe wata ɓaraka a manhajarsa.

2.0 Yadda Fayil Yake Warwatsuwa

Faifan ajiya na asali, wanda ake kira HDD, ya samo tushe daga na'urar RAMAC da kamfanin IBM ya fitar a 1956. Tsarinsa ya yi kama da na garmaho. Akwai faranti mai juyawa, akwai kuma hannu mai ɗauke da kan karatu da ke zirga-zirga a samansa kamar allura. Faifan yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka yana juyawa sau 5,400 a minti guda, na kwamfutocin tebur kuwa sau 7,200, wato sau 120 a kowace daƙiƙa.

Windows ba ta ajiye fayil a dunƙule. Tsarin ajiyarta, mai suna NTFS, yakan yanka faifai zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yawanci kilobayit 4, sannan ya riƙe wani jadawali da ke nuna gurabun da kowane fayil ya mamaye. Hirar awa guda da aka naɗa a tsarin WAV mai ingancin faifan CD takan kai kimanin megabayit 635, ke nan za ta ci gurabe fiye da dubu 150. Idan faifan sabo ne, gurabun za su jeru bi da bi. Amma bayan an shekara ana sharewa ana ƙarawa, sai filin da ya rage ya zama ɗan nan ɗan can, dole sabon fayil ya rarrabu cikin guraben da aka samu.

Misalin wannan shi ne ma'aikacin laburare da aka kawo wa littafi mai juzu'i goma, alhali babu kantar da ke da filin goma a jere. Sai ya sa uku a nan, biyu a bene, sauran a ɗakin baya, ya rubuta wurin kowanne a katin kundin laburaren. Babu juzu'in da ya ɓata, sai dai mai karatu zai sha zirga-zirga. Haka kan karatu yake yi. Duk tsallaken da ya yi daga wani yanki zuwa wani yana cin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, don haka fayil ɗin da ya tsinke gida dubu uku zai iya ƙara kusan rabin minti a kan lokacin karanta shi.

Abin lura a nan shi ne warwatsuwa ba ta lalata fayil, jinkiri kawai take kawowa. Saboda haka harhaɗa faifai aiki ne na neman sauƙi, babu gaggawar da za ta sa a yi kasadar bayanai dominsa.

3.0 Faifan da Ke Bukata da Wanda Ba Ya Bukata

Yawancin sababbin kwamfutoci suna zuwa da wani nau'in ma'aji mai suna SSD. Ba shi da faranti, ba shi da hannu mai motsi. Bayanai suna zaune ne a cikin ƙwayoyin lantarki, kuma isa ga kowane gurbi kusan lokaci ɗaya yake ɗauka, ko yana kusa ko yana nesa. Ke nan ribar harhaɗawa kaɗan ce ƙwarai a wurinsa. Bugu da ƙari, ƙwayoyinsa suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka kafin su gaji, harhaɗawa kuwa rubutu ce mai yawa. Abin da SSD yake bukata shi ne wani umarni mai suna TRIM, wanda ke sanar da shi gurabun da aka share domin ya shirya su tun da wuri. Windows ta soma aiki da wannan umarni tun daga Windows 7 a 2009. Filashi da katin memori na rikoda da na waya duk dangin SSD ne ta fuskar ƙira, ba a harhaɗa su.

Haka kuma ba kowane nauyin kwamfuta ne ke da alaƙa da warwatsuwa ba. Ƙarancin memorin aiki, da tarin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, da cikar faifai, da zafin da ƙurar hunturu ke jawowa idan ta toshe fanka, duk suna sa ta nauyi. Mafi haɗari a cikinsu shi ne faifan da ya soma mutuwa. Alamominsa sun haɗa da ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, da tsayawar kwamfuta cik na ɗan lokaci, da fayilolin da ke ƙin kwafuwa. Faifai yana riƙe da rahoton lafiyarsa a wani tsari mai suna S.M.A.R.T., kuma akwai manhajojin da ke karanta shi. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, aikin da ya rage shi ne a kwashe bayanai nan take, a fara da mafi muhimmanci. Harhaɗa irin wannan faifai daidai yake da ɗora wa jakin da ke ɗingishi kayan kwana biyu.

4.0 Ma'aunan Zaɓen Manhaja

4.1 A fara da ta cikin gida

Tun MS-DOS 6.0 a 1993 kamfanin Microsoft yake haɗa manhajar harhaɗawa a cikin babbar manhajarsa. Daga Windows Vista aka mayar da ita mai aiki da kanta mako-mako, a Windows 8 kuma, a 2012, aka sauya mata suna zuwa Optimize Drives, ta zama tana duba nau'in ma'aji ta yi masa abin da ya dace da shi. Ga mafi yawan manazarta, wannan ta wadatar. Abin da ya kamata mutum ya yi shi ne ya buɗe ta, ya ga nau'in faifansa da ranar da aka yi aikin a ƙarshe. Idan kwamfutar ba ta cika daɗewa a kunne ba saboda matsalar wuta, mai yiwuwa jadawalin ya yi ta wuce ta, sai a sa ta aikin da hannu. Masu amfani da kwamfutocin Apple ko Linux ba su cika bukatar wannan aiki ba, domin tsarin ajiyarsu yana rage warwatsuwa tun wajen rubutu.

4.2 Idan an ga dole sai ta waje

Akwai mai bukatar ƙarin iko, misali wanda ke da babban faifan waje cike da bidiyon bukukuwa, yana son harhaɗa wasu fayiloli kawai. Irin wannan sai ya auna manhajar da ma'aunai huɗu.

Na farko, ta kasance tana bin hanyar da Windows ta tanada domin matsar da fayil. Tun Windows NT 4.0 a 1996 aka samar da wannan hanya. Amfaninta shi ne ana kwafe gutsuren zuwa sabon gurbi tukuna, sannan a gyara jadawali, sannan a saki tsohon gurbin. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, fayil yana nan a ɗayan wuraren biyu. A wurin da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, wannan ma'auni shi ne kan gaba. Amintattun manhajoji sukan faɗi haka a bayanan da suke rakiyarsu.

Na biyu, ta iya bambance HDD da SSD, ta kuma yi gargaɗi kafin ta taɓa na biyun. Tsohuwar manhajar da aka daina sabuntawa tun zamanin Windows XP ba lallai ta san wannan bambanci ba.

Na uku, ta fito daga shafin kamfanin da ya yi ta, da sa hannunsa na lantarki a jikinta, wanda ake gani a bayanan fayil ɗin. Kwafin da ya yi ta yawo a filashi daga shago zuwa shago, ko wanda aka fasa domin a kauce wa biya, ba a san abin da aka cusa masa a hanya ba. Duk da haka, sa hannu ba ya kore haɗari gaba ɗaya. A 2017 wasu masu kutse suka cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner 5.33, sananniyar manhajar share tarkace, aka rarraba ta daga shafin kamfanin da sa hannunsa na gaskiya, ta shiga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27. Darasin shi ne kowace ƙarin manhaja ƙarin ƙofa ce a gida, wadda ba a bukata gara kada a girka ta.

Na huɗu, ta yi bincike ta ba da rahoto cikin natsuwa, ba tare da tsoratarwa ba. A ƙarshen 2010 wasu manhajojin bogi suka bazu da sunaye irin su System Defragmenter da HDD Defragmenter, waɗanda Microsoft ya tara a ƙarƙashin sunan FakeSysdef. Sukan cika allo da jajayen gargaɗi cewa faifai na gab da mutuwa, wasunsu har su ɓoye fayilolin mutum domin ya gaskata, sannan su nemi kuɗi kafin su "gyara". Duk manhajar da ta shigo ba a gayyace ta ba, ta ƙirga kurakurai ɗaruruwa cikin daƙiƙu kaɗan, ta kuma nemi lambar katin banki, to biri ya yi kama da mutum. A wannan sahu ne ya kamata a yi hattara da masu alkawarin wanke rijistar Windows, wato kundin saitocinta, domin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da irinsu.

5.0 Faci: Tsakanin Jinkiri da Gaggawa

Tun Oktoba 2003 Microsoft yake fitar da facin tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Kowane faci yana da lambarsa da ke farawa da haruffan KB, kuma da wannan lamba ake neman bayanin abin da yake gyarawa da matsalolin da aka riga aka san yana haifarwa.

Haɗarin jinkiri a bayyane yake. A ranar 14 ga Maris 2017 aka fitar da faci mai lamba MS17-010 domin toshe wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayiloli. Bayan wata biyu, a ranar 12 ga Mayu, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da dubu 200 a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Waɗanda suka ɗora facin tun da wuri ɓarakar ba ta shafe su ba.

Gaggawa ma tana da nata haɗari. A ranar 2 ga Oktoba 2018 aka saki babban sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye shi, bayan wasu sun tarar fayilolinsu sun ɓace. Abin ya fi shafar waɗanda suka taɓa sauya mazaunin foldar takardunsu zuwa wani wuri amma suka bar wasu fayiloli a tsohon mazaunin, sai sabuntawar ta share tsohuwar foldar da abin da ke ciki. Ba a sake sakin sa ba sai 13 ga Nuwamba. Haka a ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows tashi, jirage suka tsaya, bankuna suka tsaya. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji suna irin wannan tuntuɓe, to shawarar da aka tsinta a intanet ta fi cancantar a yi mata tambayoyi.

Mafita ita ce a bambance nau'o'in facin, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Facin tsaro na wata-wata a ɗora shi cikin 'yan kwanaki, ta hanyar Windows Update kawai. Babban sabuntawa da ke sauya zubin Windows ɗungurungum ana iya jinkirta shi har a ji labarin waɗanda suka riga, kuma bai dace a yi shi a makon miƙa kundi ko daren gabatar da takarda ba. Windows tana ba da damar dakatar da sabuntawa har kwana 35, wanda ya isa a fita daga irin wannan lokaci. Nau'i na uku shi ne gyaran musamman na wata matsala ɗaya, ko umarnin da wani ya ce a rubuta, ko saitin rijista da aka ce a sauya. Wannan ba a yin sa sai matsalar da aka bayyana ita ce ainihin wadda ake fama da ita, kuma an fahimci abin da umarnin zai yi. Shan maganin ciwon da ba a da shi ba rigakafi ba ne.

Akwai kuma kwamfutocin da facin ya daina zuwar musu. Tallafin Windows XP ya ƙare a 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, tallafin gama-gari na Windows 10 kuma a 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfutar sashe da ke riƙe da kundayen ɗalibai a kan Windows 7, in ba za a sabunta ta ba, gara a raba ta da intanet.

6.0 Matakan da Suka Kamata kafin Kowane Gyara

Mataki na farko shi ne kwafin ajiya. Ƙa'idar da masana adana bayanai suka saba bayarwa ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na iya zama kwamfutarsa, da faifan waje, da ma'ajin intanet ko faifan da ya bari a gidan wani ɗan'uwa. Kwafin da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. A kuma buɗe wasu fayiloli daga kwafin a tabbatar suna aiki, sannan a zare faifan wajen kafin a soma gyara.

Na biyu, a tanadi hanyar komawa. Windows tana da tsarin System Restore da ke ɗaukar hoton saitocinta domin a koma gare su idan gyara ya ɓaci. Sai dai a sani cewa saitoci da manhajoji yake mayarwa, ba ya dawo da takardun da suka ɓace. Bayan babban sabuntawa kuma akwai kwana 10 da za a iya komawa tsohon zubi, muddin ba a share foldar Windows.old ba. Manhajojin share tarkace sukan ga girman wannan folda su ba da shawarar a kawar da ita, wanda ya yarda kuwa ya rushe gadar da zai bi ya dawo.

Na uku, a tabbatar da wuta. Batir ya cika, caja tana jone, kwamfutar tebur kuma tana da na'urar riƙe wuta. Katsewar wuta ana tsakar ɗora faci ta fi katsewarta ana harhaɗawa muni, domin tana iya barin Windows rabi tsohuwa rabi sabuwa.

Na huɗu, gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma rubuta kwanan wata da lambar facin a littafin bincike. Wanda ya yi gyara biyar a zama guda, idan abu ya lalace ba zai san wanne ne sanadi ba.

Na biyar ya keɓanta ga masu rubutu da Hausa. Kundaye da yawa an buga su da tsofaffin zanen haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a mazaunin wasu alamomin madannai. Idan aka sake girka Windows ba tare da an adana waɗannan haruffa ba, sai a buɗe kundi a tarar da alamomin baka sun maye gurbin haruffa masu lanƙwasa. Rubutun bai lalace ba, zanen ne babu. Don haka a sa fayilolin haruffan cikin kwafin ajiya, a kuma fitar da kwafin PDF na kowane aikin da aka kammala.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa warwatsuwar fayil matsala ce ta faifai mai juyawa, jinkiri take kawowa, kuma manhajar da ke cikin Windows ta isa magance ta a mafi yawan lokuta. Ta nuna cewa facin tsaro ba ya son jinkiri, babban sabuntawa ba ya son gaggawa, gyaran musamman kuma ba ya son kwaikwayo. Shawarar da za a ƙara ita ce sassan nazarin Hausa su tanadi ma'ajin bai-ɗaya inda kowane ɗalibin digiri na biyu da na uku zai ajiye kwafin abin da ya naɗo da zarar ya dawo daga fage, tun kafin ya soma juyar da shi zuwa rubutu. Waƙoƙi da tatsuniyoyi da tarihin baka da ke cikin waɗannan kwamfutoci amana ce da masu su suka damƙa, kuma da yawansu babu wani kwafinsu a ko'ina. Kwamfuta mai nauyi ana iya haƙuri da ita har a gama kwafe abin da ke cikinta, domin kada garin neman gira a rasa ido.